Luguden Inna a Cikin Tseren Mota

Wata Asabar ce a daminar 2002. Hadari ya haɗo daga gabas, ga wuta an kawo tun da hantsi, abin da ba kullum muke samu ba a unguwarmu ta bayan hasumiyar Gobarau a Katsina. Ina zaune a kujerar Baba, cikin ɗakinshi, yatsuna a kan madannan kwamfuta, ina tuƙa wata jar mota a kan titin da ya bi gefen teku. Yayana Sanusi yana tsaye a bayana, yana addu'ar in faɗa rami ya karɓa. Mun ƙure sifika, kiɗan Turawa yana dukan bango, shi ya sa ba mu ji sallamar Baba ba. Ashe ya kama hanyar ɗaurin aure, ganin hadari ya sa ya juyo ɗaukar laima. Bai kuwa tashi shigowa ba sai daidai lokacin da aka gama zagaye aka koma farko, matar da ke ɗaga tutar fara tseren ta fito ta cika gilashin, gashi a baje, da wani ɗan wando da ko ƙaramar yarinya ba za a bari ta fita da shi ba. A bayanta ga wani ƙaton allon talla mai hoton kwalbar giya. Baba ya tsaya da laima a hannu, ya dubi matar, ya dubi kwalbar, sannan ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, don shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ce, "Wannan fa, baƙuwar wa ce?"

Baba akawu ne mai buga takardu a sakatariya. Da mulki ya dawo hannun farar hula, sababbin shugabanni suka shiga ofisoshi suka ce komai ya tsufa, aka canza kujeru, aka canza labule, aka canza kwamfutoci, tsofaffin kuma aka yi wa ma'aikata gwanjonsu. A nan Baba ya samo tamu. 'Yan kabu-kabu biyu ne suka kawo ta, ɗaya ya goyo Baba yana rungume da kan nata mai gilashi sai ka ce jinjiri, ɗaya kuma ya ɗauro sauran tarkacen. Baba ya ajiye ta a kan teburi kusa da taga, ya lulluɓe ta da tsohon zanen Inna, mahaifiyarmu, ya shiga karɓar aikin buga takardu a gida: rubutun 'yan makaranta, katin gayyatar biki, takardar neman aiki. Ni ya koya wa bugu, don idona ya fi nashi ganin munanan rubuce-rubucen da ake kawowa, Sanusi kuwa ba shi da haƙurin zama. Gem ɗin tseren motar a ciki muka tarar da shi. Wanda ya yi aiki da kwamfutar a ofis, ko wane ne shi, da alama aikin gwamnati bai sha mashi kai ba.

Dole in faɗi abin da gem ɗin nan yake a wurina, in ba haka ba za a ɗauka rigimar yara ce kawai. A shekarar nan na cika sha biyu, ina aji shida a firamare, Inna ta dube ni wata rana ta ce na girma. Shi ke nan. Gaɗa a dandali ta ƙare, carafke a ƙofar gida ya ƙare, 'yar gala-galar da muke zanawa da gawayi a bakin titi ma ta ƙare. Da safe in share tsakar gida, in ba awaki dusa, in wanke kwanonin jiya, in tafi makaranta. In na dawo in kai niƙa, in ɗebo ruwa, in sa hijabi in tafi Islamiyya, in dawo in tsince shinkafa ko in gyara kuka. Ƙafata ba ta taka waje sai da aike, aiken ma ana lissafe da daɗewata. Sanusi, da ya girme ni da shekara uku, yana da filin ƙwallo, yana da keke, yana kuma da gidan gem a hanyar Babbar Kasuwa, inda samari ke cika maƙil gaban talabijin. Ban taɓa jin an ce ɗiya mace ta leƙa wurin ba. Ni duk faɗin Katsina, wurin da nake gudu ba a ce mani "ke, a hankali" ba, shi ne titin nan na gefen teku.

Da Baba ya dawo daga ɗaurin aure ya yanke hukunci a taƙaice. Abu uku ne ba za su zauna mashi a ɗaki ba: matar, giyar, da kiɗan. Shi dai ba ya taɓa abin da ba shi ya sa ba, don tsoron kada ya goge aikin mutane, saboda haka Malam Iliya, mai gyaran kwamfutocin ofis ɗinsu, wanda ke leƙo mu duk ƙarshen wata, shi zai cire gem ɗin gaba ɗaya. Sanusi ko a jikinshi, ya ɗaga kafaɗa ya fita. Ni na je wurin Inna neman ceto, ta ce ita da kwamfutar nan ko gaisuwa ba ta haɗa su, in je can mu ƙarata. Na koma wurin Baba da kaina, na ce to a zare sifikar mana. Ya ce in ya sa ƙafa waje zan mayar, kuma gaskiyarshi. Na ce in kuma na cire abubuwan uku daga ciki fa? Ya yi ɗan murmushin da manya ke yi in yaro ya ce zai ɗauki buhun gero, ya ce in na iya sallamar baƙuwar, sai a gani. Ya ɗauka ya rufe magana ke nan. Ni kuwa na ɗauka alkawari ne.

Ban san komai game da yadda ake haɗa gem ba, amma aikin Baba ya koya mani abu ɗaya, cewa duk abin da ke cikin kwamfuta yana ajiye ne a wata folda. In takardar neman aikin wani tana da wurin kwana, to matar nan ma tana da nata. Duk lokacin da aka kawo wuta, in na gama shafukan da Baba ya bar mani, sai in shiga buɗe foldoji ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu cike da abubuwan da in ka taɓa sai su watso maka haruffa marasa kai da gindi. Ana nan sai na faɗa wata mai cike da hotuna. Ga tayar mota ita kaɗai, ga ganyen bishiya, ga wani yankin kwalta, ga kwalbar giyar nan a shimfiɗe. Can ƙasa kuma ga baiwar Allah, a tsaye da tutarta, a kan wani fili mai launin ruwan hoda. Wallahi sai da na waiga, don ji na yi kamar na buɗe ɗakin wani ba sallama.

Na buɗe ta a wurin zane-zanen da muke wasa da shi, na zaɓi shuɗi irin na hijabin Islamiyyarmu, na fara lulluɓe ta daga ka har idon sawu. Ɗan abin da ake ja a kan teburin, ƙwallon cikinshi ya cika da datti, sai in ja dama ya tafi hagu. Da na gama, na ga ruwan hodar nan ta yi muni, na shafe ta da launin sararin sama. Ina kunna gem ɗin sai ga matar ta fito cikin wani akwati mai kusurwa huɗu, ya tare rabin titi. A haka na gane ruwan hodar nan ita ce ke gaya wa gem ɗin cewa nan wurin ba komai, na koma na mayar da ita. Na sake kunnawa. Matar ta fito tsaf da hijabinta, har na fara tsalle, sai ta ɗaga tuta, hijabin ya ɓace. Ta sauke, ya dawo. Ta ɗaga, ya ɓace. Sanusi da ya shigo shan ruwa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ai gara jiya. Ashe ba hoto ɗaya ba ce, kowane motsin hannunta da nashi hoton, kuma kowanne sai na ɗinka mashi hijabinshi, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, in ba haka ba ya riƙa tsalle a jikinta. Na fi mako ina wannan ɗinkin, don wuta ba ta san ina sauri ba.

Giyar ba ta ba ni wahala ba. Na shafe kwalbar da fari, na zana ƙwarya da ludayi, na rubuta A SHA FURA. Da hannuna ya faɗa, sai na bi sauran allunan tallan ma, ko da ba su yi laifin komai ba. Ɗaya na rubuta DIREBA A YI HATTARA, wani na sa sunan makarantarmu, wani kuma na sa nawa sunan, MURJA, da manyan haruffa, a daidai kwanar da na fi iya sha. Jar motar ma na yi mata ɗigo-ɗigon rawaya irin na wata atamfar Inna. Titin dai yana nan a gefen tekun da ban taɓa gani ba, amma ya fara kama da hanyar gida.

Saura kiɗa, kuma a nan na cije. Na samo shi a tashi foldar, na ɗauke shi na kai wani wuri, gem ɗin ya ce atafau ba zai buɗe ba, sai wani ɗan akwati ya fito da Turancin da ban gane ba. Na mayar, ya buɗe. Sanusi, da ya fara ganin abin nawa ba wasa ba ne, ya tambayo wani abokinshi da ke makarantar koyon kwamfuta, ya dawo da amsa: gem ɗin ba ya jin abin da ke cikin fayil, sunan kawai yake nema. A ɗauko wani sautin, a raɗa mashi sunan kiɗan, a ajiye a gurbinshi, shi ke nan. To wane sauti? Duk kwamfutar, ban da kiɗan nan da ƙarar injin motocin, sauti ɗaya ne a ciki, karatun Alƙur'ani da Malam Iliya ya zuba wa Baba, wanda yake saurare da safe kafin ya fita. Sanusi ya ce ai faɗuwa ta zo mamu da sauƙi, mu sa karatun. Ni har ga Allah na ga dabarar ta yi kyau, an cire abin da ba a so an sa abin da ya fi komai. Ban san shi da wani lissafin a ranshi ba. Shi ya zaɓi surar, ya kuma zaɓo daga cikin dogayen nan, wai don kada ta ƙare kafin a gama tsere.

Ranar da za mu nuna wa Baba, bayan la'asar ne, Sanusi har da gayyato abokanshi uku su zo kallo. Baba ya zauna a bakin gado. Matar ta fito da hijabinta har ƙasa, ta ɗaga tuta, ta sauke, hijabi bai motsa ba. Na saci kallon Baba na ga yana danne dariya da bayan hannu. Ya karanta A SHA FURA a fili, ya gyaɗa kai. Zuciyata ta yi fari tas. Tuta na faɗuwa na taka mota, karatu ya tashi a sifika, samarin nan kuma suka hau ihun da suka saba a gidan gem, wannan na cewa taka, wancan na cewa ta dama, ta dama. A kwana ta biyu na daki shinge, motar ta juya, suka kwashe da dariya, karatu kuwa yana ta tafiya a ƙarƙashin hayaniyar. Sai na ga Baba ya ɗaga hannu. Fuskarshi ta canza gaba ɗaya. Na kai yatsa zan tsayar da gem ɗin, ya ce, "Cire hannunki. Ba a katse shi a tsakiyar aya, ba a kuma surutu a kanshi. Kowa ya zauna."

Muka zauna a kan tabarma, har da baƙin Sanusi, don Baba yana tsakaninsu da ƙofa. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya shiga saurare kamar yadda yake yi kullum da safe. Motata tana can jingine da shinge, injinta na ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, sauran motocin suna zagayowa suna wuce ta. Gem ɗin ba ya ƙarewa sai mai tuƙi ya kai ƙarshe, surar kuwa Sanusi ya zaɓo ta da tsawo. Wutar da kullum ake ɗaukewa ba sallama, ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Rana ta sauka daga kan taga ta koma bango. Ƙafata ta yi tsami, ɗaya daga cikin samarin ya fara gyangyaɗi, Sanusi na zungurin shi. Tun ina jin haushin zaman har na fara jin karatun da kanshi, ayoyin da Malama ke sa mu maimaitawa a Islamiyya muna durƙushe, na tuna da ihun da aka yi a kansu ɗazu, jikina ya yi sanyi. Babu wanda ya yi mani bayani, zaman ne ya yi.

Sai da aka kai ƙarshen sura Baba ya shafa addu'a, ya sallami baƙi, suka fita kamar an sako su daga makarantar horo. Ya tambayi wanda ya kawo shawarar. Sanusi ya ce shi ne, wai don a riƙa samun lada. Baba ya dube shi ya ce, "Lada, ko dai don in kasa sa a goge?" Sanusi ya sunkuyar da kai, sai a lokacin na gane lissafin nashi. Baba ya sa na cire karatun daga cikin gem ɗin nan take, yana tsaye a kaina, sannan ya ce maganar Malam Iliya tana nan yadda take.

Ni ban taɓa mayar wa Baba magana ba, a gidanmu ba a yi. Amma ranar bakina ya riga ni. Na ce, "Baba, in an goge, shi Yaya gobe yana gidan gem. Ni ina za ni?" Daga nan kuka ya ƙwace mani, na faɗi sauran a cikinshi, cewa an hana ni dandali ban ce komai ba, an hana ni ƙofar gida ban ce komai ba, hijabin matar nan kuma ni kaɗai na san wahalar da na sha a kanshi. Inna tana daga tsakar gida tana cewa a'a, a'a, Murja, da ubanki kike? Baba ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ana haka aka kira magariba, ya ɗauki buta ya fita, ni kuma na tabbata na ƙarasa ɓata komai.

Da safe na kai mashi kunu, na ajiye zan juya, ya ce in tsaya. Bai dube ni ba, yana juya kunun da ludayi ya ce, "In za ki sa wani abu, ki sa wanda in an katse shi ba a yi wa kowa laihi ba. Ban da kiɗa." Ya ƙara da cewa a cikin kwalin da aka kawo sifika akwai wani ɗan makirfo da ba a taɓa amfani da shi ba. Iyakar abin da ya ce ke nan, amma ni na san daga wurin Baba wannan magana ce mai yawa.

Na fara da naɗar shiru, don gem ɗin ya samu abin da zai kira da suna. Ya buɗe, amma tseren ya zama kamar cin tuwo ba miya. Na gwada ruwan sama a kan kwano, ya fito kamar rediyon da ya rasa tasha. Ƙarshen wata na ta matsowa. Wata safiya ina zaune a bakin rijiya ina wanke-wanke, Inna da Gwaggo Hajo suna surfen gero. Gwaggo Hajo ƙanwar Baba ce, gidanta na jikin namu, kullum ta ƙofar tsakani take shigowa su yi daka tare. In hannunsu ya yi zafi sai su juya shi lugude, wannan ta saki taɓarya wannan ta amsa, Gwaggo ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, Inna ta buga gefen turmi ta mayar mata. Kullum ina jin wannan, ban taɓa saurare ba. Ranar sai na ga ƙafata na bin shi, kuma saurinshi daidai yake da saurin da nake ji a ƙirji in na miƙe a dogon titin nan. Na saki kwano a cikin ruwa na miƙe tsaye.

Shawo kan Inna ya fi ɗinka hijabi wuya. Igiyar makirfon gajera ce, iyakarta taga, ke nan sai an gangaro da turmi har gindin tagar Baba, ita kuwa ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an kai turmi ƙofar ɗakin maigida ba. Sannan daka da safe ake yi, wuta kuma sai ta ga dama. Ranar da aka kawo ta, an riga an gama surfen ranar, har an shanya. Na ce to su buga turmin haka nan mana. Inna ta ce ita ba ta dakan banza, taɓaryarta ba ta sauka a turmin da ba hatsi. Gwaggo Hajo ce ta cece ni, don ita duk inda abin dariya yake tana gaba. Ta ce a auno geron gobe a surfa yau, wa ya hana? Aka auno, aka yayyafa ruwa, aka gangaro da turmi Inna na mita. Na tsaya a cikin ɗaki, hannu ɗaya a kan kwamfuta, ɗaya na miƙa makirfo ta taga, na ce su fara. Da fari a sanyaye suke yi, suna jin kunyar na'ura. Can Gwaggo ta tsokani Inna da wani bugu biyu a jere, Inna ta harzuƙa ta rama, lugude ya kama sosai, har da tafi. Ana tsakiyar haka kaji suka yo kan tsabar da ke fallatsa, Inna ta ɗaga murya ba tare da ta tsaya ba ta ce, "Ke Murja, kori kajin nan!" Na so a sake don a cire wannan, amma ina gama ajiye shi aka ɗauke wuta, geron gobe kuma ya surfu. Abin da na samu ke nan, ɗan gajere, in ya ƙare gem ɗin ya maido shi farko.

Ƙarshen wata Malam Iliya ya zo da jakar kayan aikinshi. Bayan sun gama doguwar gaisuwarsu, ta gida da ta aiki da ta ruwa, Baba ya ce kafin a goge a bari yarinya ta kunna. Na zauna na kunna. Mai hijabi ta sauke tuta, na taka, taɓare biyu suka tashi a sifika, mota na gudu suna gudu. Ban yarda na dubi kowa ba. Da aka zo wurin kajin, muryar Inna ta fito tar, Baba ya leƙa ta taga ya ce a kori kaji mana ana magana. Tsakar gida kuwa ba kowa, Inna tana maƙwabta. Sai da muryar ta sake zagayowa ya gane, ya koma ya zauna, kafaɗunshi na rawa. Malam Iliya ya share hawayen dariya, ya ce shi dai a gaya mashi, wannan ba ya cikin kiɗa? Baba ya ce, "Wane kiɗa? Tuwona ne ake yi. Bar mata abinta." Sannan ya juya wurin Sanusi da ke raɓe a bakin ƙofa, ya ce shi da abokanshi suna da inda za su, wannan na Murja ne, sai in ita ta ba shi aro. Na ƙarasa tseren na zo ta biyar, ban taɓa jin daɗin zuwa ta biyar irin na ranar ba.

Daga nan ɗakin Baba ya zama namu duk Asabar ɗin da aka yi sa'ar wuta. Ƙawayena na Islamiyya suka riƙa zuwa da sunan koyon bugun takardu, kuma suna koya ɗin, don Baba ya sa doka sai an buga shafi kafin a hau titi. Mu cire hijabai mu rataye a ƙofa, mu yi ta ihu son ranmu, Inna na cewa a kori kaji daga cikin sifika, wani lokacin kuma daga tsakar gida, ba mu san wacce za mu amsa wa ba. Bayan na tafi makarantar kwana aka kawo wata wuta mai ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu. Da na dawo hutu na tarar an ba 'yan gwangwan gawarta. Babu wanda ya yi tunanin akwai abin cirewa a ciki, ni ma a lokacin ban yi ba.

Yanzu 'ya'yana suna tsere a waya, kowa da abin toshe kunnenshi. In suna son canza launin mota sai su taɓa gilashi sau ɗaya, ba foldar da za su buɗe, ba wanda zai tsaya a kansu ya ji abin da suke ji. Ɗiyata ba ta taɓa tambayar inda za ta ba, duniyar tana hannunta, kuma ina yi mata murna. Ni ma ina tuƙi, da motar gaske, in na fito ta wajen GRA da safe titi ya buɗe, ba na kunna komai, don da na taka sai in ji taɓare biyu sun tashi a kaina. Bara na je gida da niyyar in naɗi luguden a waya, ko na ɗan lokaci ne. Na tarar turmin a kife gindin bango, a kanshi Inna ke zama in za ta yi alwala, gari kuma a leda ake sayo shi. Gwaggo Hajo ta daɗe da rasuwa. Na gaya wa Inna abin da ya kawo ni, ta dubi taɓaryar da ke jingine a lungu, ta murza kafaɗarta mai ciwo, ta ce, "Ko na iya ɗagawa, wa zai amsa mani?" Na mayar da wayar cikin jaka, na zauna kusa da ita. Ni ce ya kamata in amsa, amma lokacin da ake koyon lugude ina ɗaki ina tuƙi.